Jaka Mai Ƙulli Ɗaya

Ranar da na sa hannu a wata takarda mai layi bakwai, a masaƙar da na yi wa aiki a Kakuri, har yau ba ta fita daga raina ba. Talata ce, cikin daminar 1984. Ku da kuka zo aiki bayanmu kun san ni da yawan cewa a tambaya kafin a rubuta, har wasunku suna kwaikwayon muryata idan na ba da baya. Ina ji, kunnena bai mutu ba tukuna. To yau zan gaya muku inda na samo maganar, domin ba a littafi na karanta ta ba.

Na shiga masaƙar ne a 1974, aka sa ni a siton sashen rini, inda ake ajiye garin launin da ake buga atamfa da shi. Aikin wurin ƙa'ida ɗaya gare shi: kowane launi da duronsa, kowane duro da ludayinsa. Idan ka kuskura ka tsoma ludayin shuɗi a duron kore, to ka ɓata yadin da za a buga ranar nan gaba ɗaya, kuma sunanka ne zai hau takarda. Shekara tara na yi a wurin ba a taɓa kama ni da haɗa launi ba, kuma ina alfahari da haka fiye da kima. Ko a gida, matata tana ajiye kofunan roba a cakuɗe, ni kuma in bi dare in bi rana ina ware mata jajaye daban, koraye daban, tana yi mini dariya.

Garin rini ya taɓa mini ƙirji, likitan kamfani ya ce a raba ni da shi. Sai aka mai da ni ofishin kula da jin daɗin ma'aikata a matsayin mataimaki, aka ba ni tebur da kujera mai juyawa. A ƙarƙashina akwai kantin abinci, da rigunan 'yan ƙwallo, da gidan renon yara. Gidan renon ɗaki biyu ne a bayan asibitin kamfani. Matan da ke aikin safe a sashen duba atamfa da sashen naɗi su kan ajiye 'ya'yansu a nan da ƙarfe shida, su ɗauke su idan jiniya ta yi kukan tashi da ƙarfe biyu. Yaran sun haɗa daga masu rarrafe har masu shekara biyar.

Mai riƙe da wurin ita ce Mama Laraba, mutuniyar kudancin jihar nan, tana zaune a Sabon Tasha. Doguwa ce, ta haura hamsin, ba ta da hayaniya. Da shara ta fara a kamfanin, aka ga yara suna binta, aka mai da ita reno. Ba ta karatu, ba ta rubutu, amma ta san kukan kowane yaro ko da ta ba shi baya. Ni ma Mama nake kiranta kamar kowa, ita kuma ta kira ni Malam, ko da yake a haife ta haife ni.

A ƙarshen 1983 wani injiniya Bature da ya zo kafa injuna ya gama kwantiraginsa zai koma gida. Matarsa ta aiko mana da babban kwali cike da kayan wasan 'ya'yanta, wasu 'yan bulo na roba masu ƙusoshi a kai, waɗanda ake manna wannan kan wancan a gina gida ko mota. Akwai manya kamar sabulun wanka, akwai matsakaita, akwai kuma ƙanana da ba su fi ƙwayar masara ba, har da tayoyi da tagogi. A lokacin ko 'ya'yan manyan ma'aikatan da ke unguwar Barnawa ba kowa ke da irinsu ba. Yara suka haukace a kansu. Kafin mako biyu kwalin ya yage, bulo ya watsu ko'ina, har cikin tukunyar kunu an taɓa tsamo ɗaya. Wanda bai taɓa taka ɗayansu da ƙafa ba takalmi ba, bai san abin da ake kira zafi ba.

Na je wurin shugaban sashen ma'aikata, Alhaji Dahiru, na roƙi a saya mana kabad mai aljihuna. Ya dube ni ta saman tabarau ya yi dariya. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, kaya ba sa shigowa daga waje, an rufe wasu injuna, kullum jita-jitar rage ma'aikata ake yi. Ya ce kamfanin da ke neman audugar saƙa ba zai sayi kabad don wasan yara ba, in je in yi dabara.

Ina nan ina zane-zanen dabarata a takarda, ashe Mama Laraba ta riga ta gama tata. Ta roƙi ragowar ƙyallaye a sashen yanka, ta ɗinka jakunkuna uku da hannu, kowace da mazagi irin na wando. A bakin mazagin ta farko ta yi ƙulli ɗaya, ta biyu ƙulli biyu, ta uku ƙulli uku. Manyan bulo suna cikin mai ƙulli uku, matsakaita cikin mai biyu, ƙananan kuma cikin mai ɗaya, wadda take ratayewa a ƙusa can sama kusa da rufi. Ta kuma harhaɗa wani faffaɗan zane mai zagaye da ake shimfiɗawa a yi wasan a kai, in an gama a tattaro gefensa, duk bulon ya taru a tsakiya. Ko sisi ba ta kashe ba.

Da na buɗe jakunkunan, abin da idona ya gani kawai shi ne ja da kore da shuɗi a cakuɗe kamar dambu. Raina ya ɓaci. Ban tambaye ta ma'anar ƙullin ba, ban tambaye ta dalilin ƙusar ba. A raina na ce aikin wanda bai je makaranta ba ke nan.

Na tattara manyan gwangwanayen madara guda shida daga kantin, na sa aka wanke, na roƙi ragowar fenti a wurin masu gyara. Na shafe murfin kowane da launinsa: ja, shuɗi, kore, rawaya, fari da baƙi. Kafinta ya ɓaɓɓare mini akwatin katakon da aka kawo kayan inji a ciki, ya buga kanta daidai tsayin yaro. Na zauna wuni guda na ware bulon nan launi-launi, babba da ƙarami kowa ya bi danginsa. Da na jera gwangwanayen, wallahi sun yi kyau, ba zan yi muku ƙarya ba. Manaja ya zo zagaye ya gani, ya buga kafaɗata, ya ce ga irin ma'aikacin da ake nema a wannan zamani, wanda zai yi abu ba tare da ya taɓa aljihun kamfani ba. Kaina ya kumbura har ƙofar ofis ta kusa yi mini kaɗan. Jakunkunan Mama kuwa na miƙa wa masu goge injuna su yi tsumma da su.

Tana tsaye lokacin da na sauke mai ƙulli ɗaya daga ƙusa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, ƙananan fa?"

Na ce mata ai su ma suna da launi, kowanne ya shiga gidan ubansa. Ta juya wurin wani yaro da ke kuka.

Daga nan rigima ta fara, ko da yake ni kaɗai nake yin ta. Kullum da safe in na leƙa gwangwanayen sai in tarar da shuɗi a cikin kore, baƙi a cikin shuɗi. Ja da rawaya da fari kam ba a taɓa kuskure a kansu ba, kuma da ina da hankali da wannan kaɗai ya isa ya tsai da ni in yi tunani. Amma ni sai na ɗauka da gangan take yi, don ta huce haushin jakunkunanta. Sau uku ina yi mata magana, sau uku tana cewa to Malam, za ta gyara. Wata rana na shigo da wuri na kama matar da ke dafa wa yara kunu ta durƙusa tana tsince shuɗi daga cikin kore da sauri, tana ganina ta miƙe tana kame-kame. Na ce lalle, ashe haɗa kai suka yi. Sista Rahila, ma'aikaciyar jinyar da ke asibitin kamfani, ta tare ni a baranda ta ce mini a hankali, kayan wasan yara ne, in kawar da kai. Na ji maganar kamar raini, na ce mata kowa ya tsaya a kan aikinsa.

Ranar Talatar da na faɗa muku, wani abokina daga sashen rini ya zo gaishe ni, na ja shi don in nuna masa kantata. Na buɗe gwangwanin kore da taƙama, sai ga shi rabinsa shuɗi. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ashe wanda ya yi shekara tara yana tsaron launi ya kasa tsaron gwangwanin madara. Wasa yake yi, amma ni ya taɓa ni inda nake da ciwo. Yana fita na zauna na jawo takarda.

Bari in bayyana muku yadda takardar tuhuma take a wancan kamfani, wadda muke kira kwari. Kwafi uku ake yi da takardar kabon. Ɗaya na wanda ake tuhuma, ɗaya na fayil ɗinsa a sashen ma'aikata, ɗaya kuma ya wuce teburin manaja. Da zarar an buga mata hatimi, ba mai iya janye ta. Akwai kuma wata ƙa'ida da na sani sarai, don ni kaina ta kanta aka sauya mini wurin aiki: duk takardar da ta ambaci gani ko ji ko numfashin ma'aikaci, dole a tura shi wurin likita ya duba ko ya cancanci ci gaba da aiki. Na san wannan, amma fushi ya rufe mini ido. Na rubuta layi shida a kan rashin bin umarni, da Turancina na sakandare da nake ji da shi. A layi na bakwai na ƙara da cewa matar nan ko dai taurin kai gare ta, ko kuwa ba ta gani. Har murmushi na yi da na rubuta, ina ganin na iya magana.

Alhaji Dahiru ya sa aka kira ni. Takardar tana gabansa, hatimi yana gefe bai taɓa ba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Isiyaku, ba za ka koma ka sake rubuta wannan ba? Layin ƙarshen nan bai da amfani."

Na ɗauka Turancina yake kushewa. Na ce ranka ya daɗe, abin da na rubuta na rubuta.

Ya jawo hatimin gabansa. Ya sake tambayata ko na tabbata haka nake so ta shiga fayil. Na ce na tabbata. Ya buga hatimin a hankali, bai ƙara dubana ba.

Kwana uku bayan haka aka kira Mama Laraba asibiti, aka tsai da ita gaban allon gwajin ido. Likita ya gano yanar ido a idanunta duka biyu, ta yi nisa. Ya rubuta cewa bai kamata a bar mata yara ba. A wata shekarar da an sauya mata aiki kamar yadda aka yi mini, amma a shekarar nan ofishin sama sunayen waɗanda za a rage yake nema. Aka yi mata ritaya a kan rashin lafiya. Abin kunya, ko a lokacin ban gane girman abin da na yi ba. Har cewa na yi wa matata ai taimakonta na yi, tunda ta dalilina aka gano ciwon. Amma ranar Juma'ar da za ta tafi, da na jiyo yara suna kuka suna riƙe mata zane, ban iya fitowa ba. Na shige siton kantin na yi kamar ina duba buhunan shinkafa, har sai da na tabbata ta fita ƙofa.

Mako biyu bayan tafiyarta, wajen ƙarfe goma na safe, aka aiko in zo asibiti maza. Na tarar da wata yarinya 'yar shekara biyu, Ladi, a kwance tana tsala ihu, uwarta ta baro aiki da gudu ko hular aikin ba ta cire ba. Yarinyar ta jawo gwangwanin ja daga kantar da na sa aka buga daidai tsayinta, ta ɗauki ɗan ƙaramin bulo ta cusa a hanci. Mutum biyu suka danne ta, Sista Rahila ta sa ɗan hantsaki ta lallaba ta ciro shi da jini-jini. Allah ya kiyaye bai wuce maƙogwaro ba.

Da uwar ta fita da 'yarta, Sista ta kamo hannuna ta ɗora mini abin a tafi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Wannan a jaka mai ƙulli ɗaya yake zama, can sama inda hannun yaro ba ya kai. Sai masu rarrafe sun yi barci Mama take sauko da ita ga manya. Ka taɓa tambayarta?"

Na ce ban taɓa ba.

Nan ta zaunar da ni ta warware mini komai. Shekara biyu ke nan idon Mama yana dushewa. Launuka masu duhu duk sun zama ɗaya a wurinta, shi ya sa take ware bulo da yatsu, ta girma, kuma ƙullin nan da hannu take karanta su. Kowa ya sani: masu kunu, iyayen yara, masu gadi, ita Sista, har Alhaji Dahiru. Ba wanda ya taɓa furtawa, domin ranar da aka furta ta zama magana, in ta zama magana ta shiga takarda. Dokar kamfanin ita ce, wanda ya cika shekara goma sha biyar yana tafiya da katin asibiti har ƙarshen rayuwarsa, kuma da katin ake tura mutum aikin ido. Mama ba za ta iya neman aikin idon tana bakin aiki ba, don nema shi ne tona kai. Jira take ta cika shekarun, ta ajiye aiki da kanta, sannan a cire mata yanar. Wata bakwai ya rage mata. Shi ya sa mai kunu take durƙuso da sassafe tana tsince mini shuɗi daga kore. Masaƙa guda ta haɗu tana rufa wa tsohuwa asiri, ni kuma na zo da biro na yaye.

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na tafi kai tsaye ofishin Alhaji Dahiru na ce ina so in janye takardata, ko in rubuta wata in ce ƙarya na yi. Ya ce ko na rubuta goma, rahoton likita ba ƙarya ba ne, kuma sunanta ya riga ya wuce ofishin sama. Na ce me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce da ya buɗe baki ya ce ya sani, da shi ma ya shiga ciki, ita ma bai cece ta ba. Sannan ya ce, "Sau biyu na tambaye ka, Isiyaku. Iyakar abin da kujerar nan ta yarda in yi ke nan."

Bayan an kwashe yara ranar, na koma gidan reno ni kaɗai. Na zazzage gwangwanin ja a ƙasa da niyyar tsince ƙananan. Ni mai ido biyu lafiyayyu, sai na ga ja ya ɓace cikin ja, ƙaramin ya laɓe a bayan babba, sai na lalubo da yatsa nake samunsa. A nan na gane cewa ko don wasan ma tsarina bai da amfani. Yaron da ke neman taya ba ruwansa da launinta, taya yake nema, kuma a cikin jakar Mama jar taya tana fitowa fili a tsakanin sauran launuka. Gwangwanayena an yi su ne don idon manaja. Na tashi na tafi zauren injuna neman jakunkunan. Ɗaya kawai na samu, a rataye jikin wani inji, ta yi baƙi ƙirin da man inji, ta yage gefe guda. Ƙullinta biyu suna nan yadda ta yi su.

Ranar Asabar na karɓi takardar izinin fita da kaya, na ɗauki ƙunshin ƙyallaye, na shiga bas zuwa Sabon Tasha. Sau biyu na so in sauka a hanya in koma. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ɗakinta a wani gidan haya bayan coci. Tana zaune a ƙofa kan kujera 'yar tsugune tana ɓare gyaɗa. Sallama ɗaya na yi ta gane muryata, ta ce maraba da Malam, ta sa aka kawo mini benci da ruwa. Ta tambayi matata, ta tambayi ƙirjina. Sannan ta shiga tambayar yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wa ya daina fitsarin kwance, wa ya fara tafiya.

Na shirya dogon jawabi a cikin bas, amma da na buɗe baki sai ya watse. Na ce mata ni na rubuta takardar, ban san halin da take ciki ba, kuma rashin sanin laifina ne don ban tambaya ba. Na gaya mata abin da ya sami Ladi. Hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗar, sai da na rantse mata yarinyar ta warke sannan ta sauke numfashi. Na gaya mata har abin da na yi da jakunkunanta, don na ga in na ɓoye wannan to zuwan banza na yi.

Ba ta ce mini "ba komai" ba, kuma na gode mata da ba ta faɗa ba, don da ƙarya ne. Ta ce ta ji zafi, ta yi kwanaki ba ta son jin sunana. Ta ce da na zo na tambaye ta a gefe da ta gaya mini, ai ɗa ne ni a wurinta. Daga nan ta ce abin ya wuce, ta bar wa Allah, amma yaran nan ba su wuce ba. Ta miƙo hannu ta laluba ƙunshin da na zo da shi, ta zaɓi ƙyalle mai kauri, ta aika aka ɗauko mata allura da zare. Ta kai zaren baki ta jiƙa, ta gwada sau ɗaya, ta gwada sau biyu. Sai ta miƙo mini su.

"Kai mai ido, zura mini."

Sai a karo na huɗu zaren ya shiga. Haka muka zauna har la'asar, ina zura zare tana ɗinka sababbin jakunkuna da lalube, ɗinkin kuma miƙe kamar na keke. Ba mu yi wata magana mai yawa ba. Da ta gama ta ɗaura ƙullin da kanta, ta sa hannuna a kai in ji, ta ce mai ɗaya a sama, kada in yarda a sauko da ita sai ƙanana sun yi barci. Na ɗauko ɗan kuɗin da na zo da shi a aljihu, ta karɓa ba ta ƙi ba, don ba ta da halin ƙi. Wannan ma ya ƙara mini kunya.

Litinin da safe na kwashe gwangwanayena shida na mayar kantin, aka ci gaba da zuba gishiri da barkono a ciki. Na buga ƙusa a inda tata take. Manaja ya sake zagayowa ya tambayi ina kyakkyawan tsarin nan nawa, na ce masa na Mama Laraba ya fi, kuma na faɗa da ƙarfi yadda masu kunu za su ji. Bai ma tuna wace ce ba. Matan wurin sun daɗe ba sa amsa gaisuwata da sakin fuska, ban kuma ga laifinsu ba.

Na ci gaba da zuwa Sabon Tasha jefi-jefi. Shekara na zagayowa na je aka ce ta koma ƙauyensu wurin ɗanta, haya ta gagare ta. Ban san ko an taɓa yi mata aikin idon ba. Akwai 'yan garinsu a masaƙar da zan iya tambaya, amma na ji tsoron amsar, na yi ta ɗagawa har aka rufe sashen suka watse. Wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Na ƙara shekaru masu yawa ina aiki, na riƙe mutane a ƙarƙashina, na kuma rubuta kwari ba ɗaya ba, don wani lokacin dole ne. Amma ban sake rubuta ko ɗaya ba sai na ja mutum gefe, na rufe ƙofa, na ce ya gaya mini dalili. Abin da aikin ya koya mini shi ne, idan ka tarar da tsohon ma'aikaci yana yin abu a karkace, yawanci akwai abin da yake kaucewa wanda kai ba ka hango ba. Idan kuma ka ga mutanen wuri duk sun yi shiru a kan abu guda, kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai ido. Ni na ɗauka haka, na rubuta layi ɗaya don in burge kaina, ya ci wa wata baiwar Allah wata bakwai da idanu biyu. Jakar nan mai man inji tana cikin akwatina har yau, ban wanke ta ba. Duk wanda a cikinku hannunsa ke ƙaiƙayin rubuta takarda a kan wani, ya zo gida in ba shi ya taɓa ƙullin tukuna.